Kafin jirgi ya iso Jibiya, wa zai adana mana kamanninta?

Ranar da na koma gida hutun ƙarshen zango, na tarar da ƙanena a zaure ya baje kwalaye da gwangwanaye, hannunsa duk fenti. Ɗan aji biyu ne a babbar sakandare, kuma tun yana firamare ba shi da abin so kamar ƙera mota. Ya fara da motar kara kamar yadda yawancinmu muka fara, ya koma ta langa-langa mai tayar silifas, yanzu kuma ya kai ga jirgin ƙasa: kan jirgi ɗaya da tarago uku, ya shafe su da fenti kore da fari, sai sheƙi suke yi. Ya ce, "Yaya, don Allah ɗora min a shafinka mana, kai ne mai mabiya."

Na ɗora. Laik ya zo, ba laifi. Masu cewa Masha Allah suka faɗa, masu cewa gwamnati ta taimaka wa yaron nan su ma suka faɗi nasu, bayan kwana biyu kowa ya kama gabansa. Sai dai akwai wani kwament ɗaya da ya tsaya mana a rai. Wani ya rubuta cewa jirgin ya yi kyau, amma kamar na robar nan da ake sayar wa yara a kanti. Ƙanena ya ji zafin maganar, ni ma na ji. Da daddare kuma Baba ya ƙara da nasa, ya ce yaro mai jarrabawa a gabansa ya zauna yana wasan gwangwani. Washegari na ga jirgin a ƙarƙashin gado, an jefa masa tsumma.

Na daɗe ina juya maganar mutumin nan, kuma a ƙarshe dole na yarda da shi. Jirgin ƙanena ba shi da gari. Da za ka kai shi Dubai ko Caina, ba abin da zai nuna cewa ɗan Jibiya ne ya ƙera shi. Babu ƙura a jikinsa, babu tsatsa, babu ƙasar da yake tsaye a kai. To kai mai karatu, ka taɓa ganin wani abu mai taya da ya kwana biyu a hanyar Katsina zuwa Jibiya ya fito yana sheƙi?

Ra'ayina ke nan, kuma shi zan kare a wannan fili: matasanmu masu hannu su rage kwaikwayon hotunan da suke gani a intanet, su juyo su ƙera garinsu yadda yake, da ƙurarsa da tsatsarsa da komai. Kuma garin da ya fi buƙatar haka cikin gaggawa shi ne Jibiya.

Me ya sa Jibiya, me ya sa yanzu?

Saboda jirgi na tafe. A watan Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka bai wa kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal a kan kuɗi kusan dala biliyan 2. Layin zai bi ta Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi da Katsina, ya ratsa Jibiya, sannan ya tsallaka Nijar. Ka tuna fa, jirgi ya iso Kano tun 1911, Funtuwa ta san shi tun da aka ja layin Zariya zuwa Ƙauran Namoda wanda aka kammala a 1929, amma birnin Katsina da Jibiya ba su taɓa jin kukansa ba. Mu ne zuriyar da ta san garin kafin dogo, kuma in Allah Ya yi mana tsawon rai, mu ne za mu san shi bayan dogo.

Duk inda tasha ta sauka, gari yana sauya fuska. Gona ta koma shago, hanyar shanu ta koma kwalta, gidan ƙasa ya koma na bulo. Wannan ba abin baƙin ciki ba ne, amma abin da ya tafi ba ya dawowa. Mu 'yan Jibiya ma ba sai an ba mu labari ba. Ambaliyar watan Yulin 2018 ta ci rayukan mutum fiye da 40, ta share gidaje da dama a dare ɗaya. Akwai lungunan da na yi wasa a cikinsu ina yaro, yau ko hotonsu babu. Haka kan iyaka a Magama: an rufe a Agustan 2019, ba a buɗe tamu ba sai Afrilun 2022, aka sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, aka buɗe a Maris ɗin 2024. Kowace rufewa da irin kamannin da take ba wurin. Wanda ya ga layin tireloli sun yi makonni a tsaye, ƙura ta lulluɓe gilasansu har yara suna rubutu da yatsa a kai, ya ga wani shafi na tarihin garin nan. Wa ya adana shi?

Za ka ce ai ga waya, kowa na ɗaukar hoto. Haka ne. Amma ina hotunan da ka ɗauka shekara biyar da suka wuce? Wayar ta faɗa ruwa, ko an sace, ko ka goge don memori ya cika. Sannan hoto yana nuna maka gefe ɗaya ne. Ƙaramin samfurin wuri kuwa, wanda aka gina da awo, za ka zagaya shi, ka sunkuya ka leƙa lungu, ka nuna wa ɗanka ka ce nan ne mai shayi yake zama.

Wani ya riga mu wannan tunani. Wani matashi ɗan Ostareliya mai suna Roye England ya je Ingila a 1925, ya ga ƙauyukan wani yanki masu rufin ciyawa suna ɓacewa, ana rushe su ana gina na zamani. Sai ya kama zagayawa yana auna gidajen, yana ƙera su ƙanana, kowane abu ya rage shi sau 76. Abin da ya fara shi ne ya zama gidan tarihi na Pendon da aka kafa a 1954, inda har yau mutane ke zuwa kallon yadda karkarar Ingila take a shekarun 1920 da 1930, ƙananan jirage suna ratsa ta. A birnin Hambag na Jamus kuma akwai Miniatur Wunderland, wanda wasu tagwaye suka buɗe a 2001. Tsawon ƙaramin dogon da ke cikinsa ya haura kilomita 15, kuma mutum fiye da miliyan ɗaya ke biyan kuɗi su shiga a shekara. Wannan shi ne abin da muke kira wasan gwangwani.

Farko dai, awo

Abu na farko da ke tona asirin ƙere-ƙeren yaranmu shi ne rashin sikeli. Ka ga mota ta fi gida girma, bishiya ba ta kai ƙofar motar ba. Ido yana gane wannan nan take, ko da mai kallo bai san dalili ba. Masu wannan aiki a duniya suna zaɓar ma'auni ɗaya su tsaya a kai, kuma wanda ya fi yaɗuwa shi ne ɗaya bisa 87, suna ce masa HO. Ma'anarsa, duk abin da ka auna a zahiri sai ka raba shi gida 87.

Ga lissafin a sauƙaƙe. Mutum mai tsayin mita 1.7 zai koma kusan santimita 2. Ɗaki mai tsayin mita 3 zai zama santimita 3 da rabi. Tirela mai tsawon mita 16 za ta zama wajen santimita 18. Sabon layin da ake ginawa faɗin tsakanin ƙarafansa milimita 1,435 ne, a samfuri zai zama milimita 16.5. Tsohon layin Turawa kuwa, irin na Kano zuwa Nguru, milimita 1,067 ne, wato ya fi sabon ƙunci, don haka ka san wanda kake kwaikwaya.

Kuma kada ka ce za ka ƙera layin gaba ɗaya. Kilomita 284 ko an rage su sau 87 sun haura kilomita 3. Nemi tsohuwar ƙofa ko allon katako mai tsawon mita 2, wannan ya ishe ka ka nuna fili mai tsawon mita 174 a zahiri. Zaɓi wuri ɗaya da ka sani kamar tafin hannunka: inda layi ya ratsa gona, ko gadar da ta haye rafi, ko wani gefe na kasuwar Lahadi.

Ƙasa ta fi jirgi muhimmanci

A nan ne muka fi Turawa sa'a, wallahi. Su sayen ƙasar roba da ciyawar roba suke yi a kanti da tsada. Kai kuwa ainihin ƙasar Jibiya tana ƙofar gidanku, kyauta.

Fara da tudu da kwari. Farin soson nan da ake naɗo firji ko talabijin a ciki, yanka shi ka jera a kan allon, ka sassaƙa shi da wuƙa. Filinmu a ido shimfiɗaɗɗe ne, amma in ka lura babu inda yake kamar tebur. Akwai ɗan gangare, akwai inda ruwa ya zaizaye, akwai tudun da aka cike don ɗora dogo. Rufe soson da tsohuwar jarida da ka jiƙa a gam, ka bari ya bushe sarai.

Sai ƙasa. Ɗebo kala uku: farin yashi na cikin rafi, ƙasar gona, da jan marmara irin wanda ake zubawa a aikin hanya. Shanya su ko ka ɗan soya su a tsohuwar tukunya don kashe ƙwari, sannan ka tankaɗe da rariya mafi laushi, domin tsakuwar da ta kai ƙwayar gero, a wannan ma'auni dutse ce da sai an sa hannu biyu a ɗauka. Dama farin gam na kafintoci da ruwa rabi da rabi, ka ɗiga sabulun ruwa digo ɗaya ko biyu, shi ne zai sa gam ɗin ya ratsa ƙasar maimakon ya dunƙule a sama. Barbaɗa ƙasar, ka fesa mata ruwa kaɗan, ka ɗiɗɗiga gam. Abu ɗaya da muka koya da wahala ni da ƙanena: ƙasa tana yin duhu in ta sha gam. Gwajinmu na farko ya fito kamar an yi ruwan sama, alhali rani muke nufi. Maganinsa ka gauraya ta da ɗan toka ko garin alli tun farko, kuma ka gwada a kan kwali kafin ka zuba a allo.

Tsakuwar da ake zubawa ƙarƙashin dogo a zahiri ba ta wuce girman ƙwai ba, don haka a samfuri ba za ta kai milimita ɗaya ba. Yashi mai ɗan kauri ya wadatar. Sandunan da dogo ke kwanciya a kansu, a sababbin layuka irin na Abuja zuwa Kaduna na kankare ne, saboda haka launin toka za ka ba su. Shi kansa ƙarfen dogon, gefensa tsatsa ne, samansa kaɗai ke ƙyalli inda taya ke gogawa. In layin da ba a fara amfani da shi ba kake nunawa, to har saman ma tsatsa ne. Ɗan wannan bambanci ya isa ya gaya wa mai kallo ko jirgi ya fara wucewa ko bai fara ba.

Bishiya kuma, kada ka dasa mana ta littafin Turawa mai kama da lema. Warware tsohuwar wayar wuta, ka murɗa siraran jan ƙarfen su zama gindi, ka rarraba su sama su zama rassa, ka shafe da gam da garin katako. Ganye kuma soson katifa ne da aka gurza aka rina. Amma kafin nan fita ka kalli bishiyar. Bedi, wadda Kanawa ke ce wa darbejiya, cunkus take, kore mai duhu. Kuka gindi ne ƙato da 'yan rassa, da rani tsirara take. Gawo kuwa nasa daban ne: da damina yake zubar da ganye, da rani yake yin kore. In ka yi fili na damina ka sa wa gawo ganye, duk wani manomi zai gane ba ka san daji ba. Busasshiyar ciyawa, yanka zaren igiyar rama gajere-gajere ka dasa tsibi-tsibi, kada ka jera kamar sojoji. Ka tuna da tumfafiya a gefen hanya da sabara a saura.

Gidan ƙasa da ƙasa ake yinsa: laka da ɗan gam a kan kwali. Sai ka ɗan cinye gindin katangar da tsohon burushin haƙori, domin a nan ruwa ke fara cin ta, ka ja ɗan layi mai duhu ƙarƙashin indararo. Rufin kwano, ɗauki takardar alminiyon nan ta naɗe abinci, ka danna ta a kan haƙoran mataji, ga kwano ya fito da layukansa. Danni da zana, tsintsiya ce da aka tsaga. Bayan waɗannan sai 'yan ƙananan abubuwan da ke sa ɗan gari ya yi murmushi: jarkoki masu ruwan ɗorawa a bayan babur, kurar ɗan garuwa, rumbu, tsohuwar taya a kan rufi, baƙar leda da ta maƙale a ƙaya.

Tsufantarwa

Masu wannan sana'a suna da kalma ta musamman ga aikin mayar da sabon abu ya yi kamar ya sha rana da ruwa. Ni dai na raɗa masa tsufantarwa. Wanda ya shahara da ita wani mai ɗaukar hoto ne ɗan Amurka, John Allen, da ya zauna a Monterey ta jihar Kalifoniya. A lokacin da kowa ke gasar ƙyalli, shi sai ya ƙera rumfar ajiye kan jirgi da ta tsufa, har da tattabaru da kashinsu a kan rufi, kuma ta ci gasa. Ya rasu a Janairun 1973, bayan kwana goma gobara ta cinye aikinsa. Hotunan da aka ɗauka ne suka rage, don haka kai ma in ka gama naka, ka ɗauke shi hoto da kyau ka ajiye a wuri fiye da ɗaya.

Ƙa'idar tsufantarwa ɗaya ce: kowane datti yana da dalili. Kada ka watsa wa jirgi ƙasa kawai ka ce ka gama. Je tashar mota ka tsaya kusa da wata tsohuwar DAF ka karance ta. Ƙura daga ƙasa take hawa, ta fi yawa a tayoyi da ƙasan bodi, tana raguwa zuwa sama. Ruwan sama kuma daga sama yake saukowa, yana barin sirara-siraran layuka a tsaye. Tsatsa tana farawa ne daga inda fenti ya ɓare, wato bakin ƙofa, kan ƙusa, wurin walda, sai ta zubo ƙasa kamar hawaye. Baƙin hayaƙi yana kewaye da bakin salansa. Maiƙo yana wurin tankin mai. Rana tana kashe fentin rufi fiye da na gefe, ja ya koma fari-fari, kore ya dusashe. Mariƙin ƙofa da matakala kuwa suna sheƙi saboda hannu da ƙafa suna goge su kullum. Kan jirgi mai amfani da dizal duk haka yake, sai dai shi hayaƙinsa ta rufi yake fita, don haka a can baƙin yake taruwa.

Kayan aikin duk na gida ne. Na farko, kashe ƙyalli, domin fenti mai sheƙi shi ne babban mai tona asiri. In ba ka da marar sheƙi, goga jikin a hankali da takardar yashi mafi laushi. Na biyu, tsarma fenti baƙi ko ruwan ƙasa har ya yi kamar ruwan shayi, ka shafe jikin da shi, zai gangara ya zauna a lunguna da tsagogi, sai ka share saura da tsumma daga sama zuwa ƙasa. Na uku, tsoma burushi a fenti mai haske, ka goge shi a kwali har ya kusa bushewa, sannan ka ɗan shafa a kan gefuna, nan take za su fito. Na huɗu, gari: dakakken gawayi don hayaƙi, tankaɗaɗɗiyar ƙasa da alli don ƙura. Tsatsa kuma ta gaske za ka samu: jiƙa soson ƙarfe na wanke tukunya a ruwan gishiri, ka bar shi kwanaki a rana, ka murje, ga garin tsatsa.

Shawara mafi muhimmanci ita ce ka tsaya tun kana ganin kamar bai isa ba. Ƙarawa ba wuya, cirewa ce aiki. Kuma kada taragu su yi datti iri ɗaya, domin a zahiri wani ya girmi wani. In za ka yi amfani da fentin feshi, fita fili, kada ka yi a ɗaki a rufe.

Da ka gama, sai hoto, kuma a nan ne karatuna na aikin jarida ya yi mana rana. Kada ka ɗauka daga sama kamar shaho. Kwantar da wayar daidai da allon, a tsayin idon ɗan mutumin nan mai santimita 2. Fitar da aikin waje da hantsi ko da la'asar sakaliya, ka sa ainihin sararin sama ya zama bayansa. In lokacin hunturu ne ma ka huta, hazo zai yi maka rabin aikin.

Abin da za a ce

Na san wani zai ce, gari na fama da matsalar tsaro, kasuwa ta ja baya, abinci ya yi tsada, kai kana maganar ƙera jirgin kwali. Ban raina wannan magana ba, ni ma a cikin halin nake. Amma dubi abin da na lissafa: kwali, toka, gawayi, ƙasa, tsohuwar waya. In ka cire gam da ɗan fenti, kuɗin bai kai datar da kake ƙonawa a TikTok a mako ba. Kuma yaron da ya iya raba mita 16 gida 87, ya iya lura da inda tsatsa ke farawa, ya iya haƙurin jiran gam ya bushe, ya riga ya kama hanyar zanen gine-gine, da injiniyanci, da shirya dandalin fim. Masu zanen gidaje suna biyan kuɗi a yi musu samfurin gini. Kamfanonin mota har yau da yumɓu suke fara sassaƙa siffar sabuwar mota, kuma a wannan fage ne Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato, ya yi suna a kamfanin General Motors da zanen Chevrolet Volt. Da na zauna na yi wa Baba wannan bayani, na nuna masa lissafin da ƙanena ya cika takarda da shi, bai ce ya yarda ba. Cewa ya yi, "To, bayan jarrabawa." Wanda ya san Baba ya san wannan babbar nasara ce.

Wani kuma zai ce me ya sa za mu nuna wa duniya dattinmu, ba mu nuna ci gaba ba? Ni ban ɗauki ƙurar jikin tirela abin kunya ba. Shaida ce cewa motar ta yi aiki, ta kai kaya Ɗan Isa da Maraɗi ta dawo, ta ciyar da gidaje. Zanen kwamfuta mai sheƙi irin wanda ake nunawa ranar ƙaddamar da aiki, kowa na da shi, kuma duk iri ɗaya ne. Namu na gaskiya ne ba kowa ke da shi ba.

Akwai kuma masu ƙyamar ƙera siffar abu mai rai. Su ma ƙofa a buɗe take. Kana iya barin mutane da dabbobi gaba ɗaya, ka nuna sawunsu: benci da kofuna a teburin mai shayi, takalma a ƙofar masallaci, sawun shanu a yashi, shanya a kan igiya. Sau da yawa ma hakan ya fi taɓa zuciya.

Gargaɗi ɗaya, kuma da gaske nake. Jibiya garin kan iyaka ne. Kada ka je kana ɗaukar hoton shingen jami'an tsaro ko ofisoshinsu da sunan bincike, kada ka shiga wurin aikin dogo ba izini, kada kuma ka yi nisa cikin daji neman wata bishiya. Abin da ido ya gani a kan hanya, riƙe shi a ka, ka zana in ka koma gida. In gidan wani ko shagonsa za ka auna, yi sallama ka nemi izini. Dattawa ma in suka gane abin da kake yi, su ne za su gaya maka yadda wurin yake kafin a haife ka.

Saura mu 'yan kallo

Kai da ba ka da hannun ƙira, kana da naka aikin. In ka ga yaro ya ɗora abin da ya ƙera, daina tsayawa a kan gwamnati ta taimaka. Gwamnati ba ta karanta kwament ɗinka. Tambaye shi wane wuri ne wannan, wane ma'auni ya bi, me zai ƙara. Tura masa kuɗin gam. In malami ne kai, ba wa ɗalibai kusurwa ɗaya a aji su gina unguwarsu. In kana da tsofaffin hotunan Jibiya a waya ko a akwatin mahaifinka, fito da su, su ne kayan aikin masu ƙira. Ina fata wata rana, in an buɗe tashar jirgi ta Jibiya, matafiyi zai tarar da teburi a zauren jira, a kansa ga garin yadda yake kafin dogo, aikin hannun 'ya'yan garin.

Kafin na dawo makaranta, mun ciro jirgin daga ƙarƙashin gado. Muka kashe masa ƙyalli, muka ɗora shi a kan tsohuwar ƙofar kicin, muka zuba masa yashin da muka ɗebo a bakin rafi, ƙanena ya dasa gawo ɗaya da bedi biyu. Muna cikin ɗaukar hoto da la'asar sai kakarmu ta fito alwala, ta tsaya ta sunkuya ta daɗe tana kallo. Ta nuna wata katanga da yatsa ta ce, "Wannan ai bayan gidan su kawunku ne, wanda ruwa ya tafi da shi." Ƙanena bai ce komai ba, don shi ya san daga tunaninsa ya gina ta. Yanzu yana tara kwalaye, wai bayan jarrabawa gefen kasuwar Lahadi zai fara.

Kai fa, wane lungu ne a garinku kake ganin ba zai kai shekara goma a haka ba? Je ka kalle shi da kyau wannan makon, ka tafi da abin awo. Allah Ya zaunar mana da garuruwanmu lafiya, Ya nuna mana ranar da jirgin zai iso.